Hutun ma'aurata a Zanzibar: shiri daga Damagaram har shiga teku

Ga miji da matar da za su tashi daga Damagaram su yi hutu a tsibiri, Zanzibar ce ta fi sauƙi. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ba za ku sha wahalar neman masallaci ko abincin halal ba, kuma sau ɗaya za ku canza jirgi a hanya. Tsibirin da ake nufi shi ne Unguja, babba cikin manyan tsibiran Zanzibar biyu (ɗayan shi ne Pemba), yana cikin Tekun Indiya, kuma yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar 1964. Abu biyu ne suka fi ɓata irin wannan tafiya: takardar da aka makara wajen nema, da shiga teku da ilimin tafki. Wanda ya koyi iyo a tafkin Gidimuni ya san ruwan da yake zaune wuri ɗaya. Teku kuwa tana janyewa ta dawo sau biyu kowace rana, tana da ja ta ƙarƙashi, kuma duk shirin hutun a kan wannan ya kamata a ɗora shi.

Takardu tukuna

Ku fara da biza, wata biyu kafin ranar tafiya. Nijar tana cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba ƴan ƙasarsu biza a filin jirgi; ana cika takarda a shafin intanet na hukumar shige da ficen ƙasar, a jira amincewa daga can. Kowannenku da tasa takardar, da hoto, da hoton shafin farko na fasfo, da adireshin otal ɗin da za ku sauka. Kada ku biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amsa ta fito. Ku sa mai sayar da tikiti ya ajiye muku kujera kawai. Fasfo kuma ya zama yana da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga. A duba sunan amarya da kyau: yadda yake a fasfo, haka zai kasance a biza da tikiti, harafi da harafi.

Na biyu, katin rigakafin cutar shawara, mai launin rawaya. Ana neman sa daga duk wanda ya fito daga Nijar. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana saura kwana uku tafiya, katinsa bai cika ba. Wanda ya taɓa yi ba sai ya sake ba, tun 2016 allura ɗaya ta isa har tsawon rayuwa. Mai ciki ta ga likita kafin komai, don ba allurar da ake yi mata kai tsaye ba ce.

Na uku, inshora. Daga 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta na gwamnati, dalar Amurka 44 kowane mutum, tana aiki har kwana 92. Ana saye ta intanet kafin a tashi, a buga takardar a riƙe. Ku haɗa da kwafin takardar aure, ku ɗauki hoton dukan takardun a wayoyinku biyu.

Hanya da kuɗi

Hanya biyu ce. Ko ku bi motar safiya zuwa Yamai, kusan kilomita 900, yini guda cur, ku tashi daga filin Diori Hamani. Ko ku gangara Kano ta Matamaye da Ɗan Barto, abin da bai kai kilomita 250 ba, ku tashi daga filin Malam Aminu Kano. Jirgin Ethiopian Airlines yana tashi daga biranen biyu zuwa Adis Ababa, daga nan a canza zuwa Zanzibar. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, amma a tambayi halin da iyaka take ciki a satin tafiya. Kowace kuka zaɓa, ku kwana a garin kafin ranar jirgi. Mota tana lalacewa, shinge yana tsayar da mutum, jirgi kuwa ba ya jira.

Sefa ba ta canzuwa a can. Ku riƙe yuro, tunda farashinsa a ɗaure yake da sefa, yuro ɗaya kusan sefa 656, lissafi ba zai rikice muku ba. Idan dalar Amurka kuka samu, ta zama sabuwar bugawa, ba yagewa ba rubutu, don tsofaffin takardu ana ƙin karɓarsu. Da kun sauka ku canza wani kaso zuwa shilin na Tanzaniya, da shi za ku yi cefane, tasi da kasuwa. A raba kuɗin gida biyu, rabi wurin maigida rabi wurin uwargida, a kuma ware kashi ɗaya cikin biyar da ba za a taɓa ba sai larura. Wurin kama ɗaki ku tambaya ko an haɗa harajin kwana da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare, don kada ya fito muku ranar tashi.

Ƙananan abubuwa uku: soket ɗinsu mai ƙafa uku ne masu faɗi irin na Ingila, cajarmu mai ƙafa biyu ba ta shiga sai da mahaɗi, an hana shiga da leda tun 2019, a zuba kaya cikin jakar yadi, agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Wane wata, kuma wane gefen tsibiri

Daga Maris zuwa Mayu babbar damina ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya, teku ta gurɓace, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Nuwamba da farkon Disamba akwai ƙaramin ruwa da yake zubowa ya ɗauke. Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi, sai dai a Yuni da Yuli iskar kudu tana da ƙarfi, kwale-kwale yana girgiza. Janairu da Fabrairu akwai zafi da gumi, ruwa kuma ɗumi. Ga wanda ke da gona ko harkar da ta dogara da kaka, Oktoba ta dace. Ga wanda yake son ya huta da ƙurar hunturu, Janairu ko Fabrairu.

Zaɓen gefen tsibiri ya fi zaɓen otal muhimmanci, kuma a nan ne hotunan intanet suke ruɗin mutane. A gabas, wato Paje, Jambiani, Kiwengwa da Matemwe, ƙasan teku shimfiɗe take. Idan ruwa ya janye yakan yi nisan da ya kai kilomita ɗaya a wasu wurare, ya bar rairayi da duwatsu da gonakin ciyawar teku da mata suke nomawa a jikin igiyoyi. Wurin yana da kyau da natsuwa, amma awanni da dama babu ruwan shiga. A can ƙuryar arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana gangarawa da sauri, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci, sai dai akwai cunkoso da kiɗa, musamman daren da wata ya cika a Kendwa. Ga ma'auratan da wannan ne ganinsu na farko da teku, a ganinmu tsari mai kyau shi ne kwana biyu a tsohon gari, Stone Town, kwana huɗu a arewa a otal ɗin da yake nesa da wuraren kiɗa, kwana ɗaya ko biyu a gabas don hutawa. Daga tsohon gari zuwa Nungwi kamar kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi a mota.

Ciko da janyewa

Tsakanin cikar ruwa da ƙarshen janyewarsa awa shida ne da ƴan mintuna, kuma kowace rana lokacin yana ja baya da kamar minti 50. Ke nan idan yau ruwa ya cika ƙarfe tara na safe, gobe sai kusan goma. Kowane otal yana da jadawalin; ku ɗauki hotonsa ranar da kuka sauka, ku tsara fita a kansa. Kalandar Musulunci ma tana taimaka muku: a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata ruwa ya fi cika, ya fi janyewa, bambancin yakan kai mita huɗu, jan ruwa kuma ya fi ƙarfi. Wajen 7 da 22 ga wata teku ta fi lafawa.

Ga inda haɗari yake. Ruwa ya janye, mutum biyu suna tafiya kan rairayi suna kallon ƙaguwa da ƙananan kifaye cikin kududdufai, sun yi nisa ba su sani ba. Dawowar ruwa ba daidai take ba: awa ta farko a hankali, amma a awa ta uku da ta huɗu rabin ruwan gaba ɗaya yake shigowa. Kuma ba daga gaba kaɗai yake zuwa ba, yana fara cika kwaruruwan da ke bayanku, tsakaninku da gaɓa. Don haka ku fita awa ɗaya kafin ƙarshen janyewa, ku juyo da zarar lokacin ƙarshen ya yi, ku sa ƙararrawa a waya saboda haka.

Wani lokaci kuma ruwan da taguwa ta tara a gaɓa yakan koma teku ta wata siririyar hanya da gudu. Wanda ya faɗa ciki zai ga gaɓa tana nisa duk da yana iyo. Kada ya yi kokawa da shi, gajiya ce take nutsar da mutum. Ya kwanta rigingine ya yi numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya sama, in ya iya iyo ya yi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar. Na kan tudu kuma kada ya afka ciki don ceto in ba gwani ba ne. Mai nutsewa hawa kan wanda ya zo yake yi, ko da matarsa ce ko mijinta. A yi ihu, a jefa masa abin da ke yawo kan ruwa, ko jarka ce.

Tufafin shiga ruwa

Uwargida kada ta shiga teku da zani, ko doguwar rigar atamfa, ko babban hijabi. Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi ta naɗe ƙafa, hijabi kuma in taguwa ta ɗaga shi sai ya rufe fuska. Suturar da ta dace guda uku ce: wando dogo mai kama idon sawu, riga mai dogon hannu da ta sauka cinya, da hula mai rufe gashi da wuya wadda ta kama fuska. Yadin ya zama irin na rigar ƴan ƙwallo, mai saurin bushewa, launi mai duhu, don fari in ya jiƙe yana nuna jiki. Tela a nan gida zai iya ɗinkawa. A ce masa ya sa maɓalli ko ƴar igiya a gefe biyu da za ta ɗaure riga da wando, in ba haka ba rigar tana tasowa sama cikin ruwa. A ajiye babban mayafi busasshe a kwale-kwale don rufuwa da an fito. Maigida shi ma wando mai mazagi da ya wuce gwiwa, da riga. A cire zobe da sarƙa a bar su a ɗaki: yatsa yana tsukewa cikin ruwa, zobe ya sulale ba a ji ba.

Ku sayi takalmin ruwa mai tafin roba, kowa nasa. Silifa ba ta wadatarwa. Kada kuma ku ce ai mun saba da ranar Damagaram. Wanda ya kwanta rubda ciki kan ruwa awa ɗaya, bayan wuya da ƙwauri suna ƙonewa, baƙar fata ma tana saɓulewa. A shafa man kare rana mai lamba 30 ko sama, a sake bayan awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. A sha ruwan gora sosai, kamar lita uku a yini, don gumin can ba ya bushewa, mutum yana zubar da ruwa bai lura ba.

Kallon kifi da gilashi da bututu

Wannan, wato kwanciya kan ruwa da gilashi a fuska ana numfashi ta bututu ana kallon kifi, shi ne abin da ya fi cancantar kuɗinku, kuma wanda bai iya iyo ba ma zai iya, muddin yana sanye da rigar ceto, tare da jagora a cikin ruwa, ba a kan jirgi ba. Rigar a ɗaure dukan maɗauranta, ɗayanku ya kama kafaɗunta ya ja sama: in ta haura kunne, ta yi yawa, a canza.

Gilashin fuska ana gwada shi ba tare da sa igiyarsa ba. A ɗora a fuska, a ja iska kaɗan ta hanci, a saki hannu. In ya manne, ya yi daidai. Abu uku ke sa ya yi yoyo: gashin baki, wanda ake magancewa da ɗan bazilin a kansa, bakin hular mace da ya shiga ƙarƙashin robar goshi, sai a ja shi baya kaɗan, da ɗaure igiya tamau, wanda yake lanƙwasa robar. Don kada ya yi hazo, a ɗiga sabulun wankan jarirai a ciki, a murza, a ɗauraye sama-sama. In ruwa ya shiga bututu, a hura da ƙarfi sau ɗaya, ko a ɗaga kai a cire shi a zubar.

Kada karon farko ya zama a tsakiyar teku. Ana gobe fita, ku ari kayan ku tsaya inda ruwa ya kai ƙirji, ku sa fuska ciki, ku yi numfashi ta baki a hankali minti goma, har jiki ya yarda cewa iska tana zuwa. Mutane da yawa a numfashi biyar na farko suke firgita, su cire gilashi, su sha ruwan gishiri, su ƙi komawa har ƙarshen hutu. A cikin teku kada tazararku ta wuce tsawon hannu biyu, kuma ku yi alkawari tun a ɗaki: duk wanda ya ce a koma, an koma, ba gardama ba lallashi.

Wurin da aka fi zuwa shi ne kewayen tsibirin Mnemba a arewa maso gabas. Tsibirin kansa ba a sauka a kai, a ruwan gefensa ake tsayawa. Tashi daga gaɓar Muyuni ko Matemwe ya fi kusa, daga Nungwi tafiyar ta fi tsawo da girgiza. Ku fita da sassafe kafin jirage su taru. A kudu maso yamma akwai fita ta yini guda daga Fumba zuwa mashigin Menai cikin jirgin katako mai tafiya da iska, ana sauka kan tudun rairayi a tsakiyar ruwa. Wanda yake son sirri saboda iyalinsa ya kama kwale-kwale na mutum biyu. Ya fi tsada, amma uwargida za ta sake.

Kafin ku biya, ku ga jirgin da idonku: rigunan ceto sun kai yawan mutane, akwai tsanin hawowa daga ruwa, akwai rumfa, akwai zoben ceto mai igiya. Ku tambaya ko farashin ya haɗa da kuɗin shiga yankin tekun da aka killace don kariya, da abinci, da motar da za ta kai ku gaɓa. Kafin alƙalami kawai ake bayarwa, cikon sai an dawo. Lokacin tashi kuma a rubuta shi da lamba, don a harshen Suwahili daga ƙarfe shida na safe ake fara ƙirga awa: in matuƙi ya ce "saa mbili", awa biyu, ƙarfe takwas yake nufi. Faransanci ba ya aiki sosai a can, sai Suwahili da Turanci, don haka rubutu a takarda yana raba gardama. In safiya ta yi da iska, matuƙi ya ce yau ba kyau, ku yarda. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mai saurin jin jiri a mota zai ji a jirgin ruwa. Ya sha maganin jirin tafiya minti 30 zuwa awa ɗaya kafin tashi, ya karya da abu mara maiƙo, ya zauna tsakiyar jirgi yana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, ya bar duba waya. Tauna citta tana taimakawa. Maganin yana sa barci, a sani. A ruwa kuma a nisanci bayan jirgi, inda farfela take.

Abin da ke suka

Wanda aka fi takawa shi ne wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa tsakanin duwatsu. Ƙayarta tana karyewa cikin ƙafa. A tsoma ƙafar cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, minti 30 ko fiye, a zare waɗanda suka fito da hantsaki, kada a haƙa da allura ko reza. In ƙaya ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja, sai asibiti. In wani abu mai yauƙi ya shafi fata ta ɗauki raɗaɗi, a wanke da ruwan teku, kada a murza, kada a zuba ruwan sha. Duwatsun murjani suna da rai kuma suna yanka, ba a taka su ba a taɓa su. Katantanwa mai tsini mai ado kada a ɗauka da hannu, wasu suna da dafi.

Nutso da tulun iska

Akwai nutson gwaji na masu farawa, tare da malami, ba a wuce mita 12. Ƙa'ida biyu ce ba a wasa da su. Ba a riƙe numfashi ko kaɗan, don iskar da ke huhu tana faɗaɗa yayin tasowa. Kuma tun daga mita ta farko ana toshe hanci a hura a hankali don kunne ya buɗe. In ya yi zafi a ɗan taso, kada a matsa. Mai ciki ba ta nutso. Mai sikila, mai asma, mai ciwon zuciya ko farfaɗiya, kada ya yi sai likita ya yarda, kuma a faɗi gaskiya a takardar lafiyar da za a ba ku. Mai mura ya bari ya warke.

Salla da abinci

Alƙibla a Zanzibar arewa take, kusan sak, ba gabas ba. Mafi yawan mutanen Shafi'iyya ne, za ku ji liman yana bayyana bisimilla. Sallarku a bayansa ta yi. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya cika salla zai yi, kasaru na kan hanya ne da gajeren zango. Ruwan teku yana alwala, abin da ya fito daga cikinsa kuma halal ne. Manyan otal-otal na bakin ruwa suna sayar da giya, wasu har da naman alade, don haka a tambaya kafin a kama ɗaki. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya ɗanɗana kaɗan ya jira. In leɓe ya kumbura ko numfashi ya yi nauyi, asibiti nan take. A kasuwar dare ta Forodhani a zaɓi abin da aka gasa a gabanku. Sauro yana nan, a kwana cikin gidan sauro.

Yinin ƙarshe a bar teku. Wanda ya yi nutso ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 12 in sau ɗaya ya yi, awa 18 in ya maimaita, kuma barin yini guda cikakke ya fi. A ɗauraye kayan ruwa da ruwan famfo a shanya tun da safe, don jiƙaƙƙen yadi mai gishiri da zai kwana biyu cikin akwati kafin ya iso Damagaram wari zai yi. Tsaraba a saye ta a kasuwar Darajani: kanumfari, kirfa da masoro, a ɗaure cikin takarda ko jakar yadi. Murjani da ƙoƙon kififiya da manyan katantanwa kuwa, ko an yi muku tayinsu da araha a bakin ruwa, ku bar su, doka ta hana fita da su kuma ana binciken jaka a filin jirgi.